Yadda 'Yan Rasha Suka Yi Wa Turawan Ingila Ƙwacen Sherlock Holmes

Akwai wata magana da in ka faɗa wa mutum karon farko sai ya ɗauka zolayarsa kake: ɗaya daga cikin fina-finan Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifuka na labaran Turawan Ingila, da masu bibiyar harkar suka fi ganin girmansa ba a Landan aka yi shi ba, ba kuma da Turanci ba. A Leningrad aka yi shi, da Rashanci, an fara shi zamanin shugaba Brezhnev, lokacin da Tarayyar Sobiyat da Birtaniya ko ga maciji ba sa yi. Kuma ba cika bakin 'yan Rasha ba ne kawai, domin a 2006 Sarauniyar Ingila ta ba Vasily Livanov, mutumin da ya fito a matsayin Holmes ɗin, lambar girmamawa ta MBE, jakadan Birtaniya ne ya miƙa masa a Mosko. Toh tambayar ita ce ta yaya? Mutanen da yawancinsu ko hanyar Landan ba su sani ba, fita ƙasar waje ma sai wane da wane, ya aka yi suka iya ɗauko Bature ɗan zamanin Sarauniya Victoria suka dasa shi a talbijin ɗinsu har ya kama ƙasa?

Bari mu fara da menene ma fim ɗin. Kamfanin Lenfilm ne ya shirya shi bisa odar gidan talbijin na gwamnati, darakta Igor Maslennikov. Fina-finai 5 ne da aka rarraba kashi 11, daga 1979 zuwa 1986. Na farko kashi 2, ya haɗa labarin macijin nan da uban riƙo ke sako wa 'yan mata ta kafar iska da kuma labarin kalmar da aka rubuta da jini a bango. Na 1980 kashi 3, a nan ne aka yi Milverton mai cin kuɗin mutane da barazanar tona asiri, da kokawar Holmes da babban abokin gabarsa Farfesa Moriarty a bakin ruwan Reichenbach, da dawowarsa bayan kowa ya gama yi masa makoki. Sai na 1981, karen gidan Baskerville, wanda shi ne ya fi kowanne shiga bakin mutane kuma a kansa zan fi daɗewa. 1983 aka yi na dukiyar Agra, 1986 aka rufe da wanda ya tsallako ƙarni na 20, da motoci da 'yan leƙen asirin Jamus.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne Holmes ba baƙo ba ne a Rasha. Tun zamanin sarakunan Tsar ake fassara labaran Arthur Conan Doyle, marubucin da ya ƙirƙiro Holmes, ana rububinsu, bayan juyin juya hali ma ba a daina ba, an buga su bila adadin, yaro ɗan makaranta ya san adireshin gidan Holmes, 221B Baker Street, kamar gidan kakarsa. Kuma ba a biyan kowa ko sisi, saboda Sobiyat ba ta shiga yarjejeniyar kare haƙƙin mawallafa ta duniya ba sai 1973, wadda ita ma ba ta waiwayi tsofaffin littattafai ba. Magadan Doyle har ƙara suka kai kotu a Mosko a 1958 suna neman haƙƙinsu, suka tashi a tutar babu. Kaga kenan lokacin da aka zo yin fim, jama'a sun riga sun zana nasu Holmes ɗin a zuciya, da nasu Landan ɗin mai hazo da keken doki da fitilun gas, wanda ba lallai ya yi kama da Landan ta gaske ba. Wannan Landan ta cikin kai ita aka ɗauka a fim, kuma inaga nan ne sirrin yake gaba ɗaya.

Su waye suka rubuta na farkon? Yuli Dunsky da Valery Frid. Waɗannan mutane biyu labarinsu kaɗai fim ne. Abokai ne tun makaranta, suna ɗaliban koyon harkar fim aka kama su a 1944 da zargin wai suna cikin masu ƙulla kashe Stalin, aka yanke musu shekara 10 a sansanonin gwale-gwale, suka fito da rai suka ci gaba da rubutu tare. Toh mutanen da suka ga wannan rayuwar, in suka ɗauki labarin maza biyu da ke zaune gida ɗaya kowa na iya ba da ransa don ɗan'uwansa, ba sai an faɗa maka ina hankalinsu zai tafi ba. Ba su damu da wasan ƙwaƙwalwar gano ɓarawo ba kamar yadda suka damu da abotar. Shi ya sa suka ƙirƙiro abin da babu a littafi: a kashin farko Dakta Watson, wanda zai zama aminin Holmes, ya tare a gidan, yana ganin wasu irin mutane marasa fasali na shige da fice, wani tsoho ya shiga ɗakin Holmes bai ga fitarsa ba, sai ya yanke hukunci cewa lallai abokin hayarsa ƙasurgumin shugaban 'yan ta'adda ne. Ya tunkare shi da maganar, abin ya kai su ga sa safar dambe, Holmes ya kwantar da shi, sannan ya yi masa bayani. Daga ranar aka ƙulle. Ka duba wannan a ƙasar da maƙwabci ke zargin maƙwabci, ana tsoron bango ma yana da kunne, sai ga fim ya fara da zargi ya ƙare da amana.

Maslennikov ya sha faɗin cewa shi Watson ne ya ja shi zuwa aikin, kuma duk wanda ya kalla zai yarda. A fina-finan Amurka na 1939 zuwa 1946 da Basil Rathbone ya yi, Watson ɗin Nigel Bruce wani dattijo ne mai shirme, an ajiye shi ne kawai don hasken Holmes ya fito, kuma wannan hoton ya daɗe manne a kan mutane. Vitaly Solomin ya zo ya wanke shi. Nasa Watson ɗin matashi ne jajir mai gashin baki, likitan soja mai tsayuwa ƙyam, ga kunya ga saurin yarda da mutane, in ya ga mace kyakkyawa sai ya rikice, amma in ana maganar mutunci ko an zalunci wani ba ya ja da baya ko taku ɗaya. Yana kuskure wajen hasashe, eh, amma irin kuskuren da ni da kai za mu yi ne. Mai kallo ba zai iya zama Holmes ba, amma yana iya ganin kansa a Watson ba tare da jin an raina masa hankali ba.

Shi kuwa Livanov, an haife shi a 1935, ɗan gidan wasan kwaikwayo ne, mahaifinsa Boris Livanov babban ɗan wasa ne a Mosko. Abin da ya fi fice da shi muryarsa ce, wata irin dusasshiyar murya mai ƙarce-ƙarce da ya samu tun yana saurayi lokacin ɗaukar wani fim cikin tsananin sanyi, muryar ta shaƙe ta dawo a haka har abada. Yaran Sobiyat sun riga sun santa a katun, shi ne muryar kada Gena da kuma Karlsson. Wato tun kafin Holmes ya buɗe baki ya ce komai, muryar ta riga ta zama ta gida. Kuma nasa Holmes ɗin yana dariya, dariya sosai har da ƙyaƙyatawa, yana tsokanar Watson amma ba wulaƙanci a ciki. A littafi Holmes na da wani sanyin hali da ɗagawa, ga allurar hodar iblis da yake yi wa kansa in zaman banza ya ishe shi. Wannan duk an share, ba ta yadda za a yi talbijin ɗin Sobiyat ta nuna jarumi na tsira wa kansa allura. Masu tsattsauran son littafin suna cewa an rage masa duhu, kuma gaskiyarsu ne, wanda ke son Holmes mai ciwon rai sai ya nemi na Jeremy Brett da gidan Granada ya fara a 1984. Amma an musanya duhun da ɗumi, kuma a ganina cinikin bai faɗi ba.

Tunda an taɓo masu tacewa, ga wani ɗan misali da ke nuna yadda siyasa ke kutsawa har cikin labarin da ya girmi kowa. A littafin 1887, maganar farko da Holmes ya yi wa Watson ita ce ya lura daga Afganistan yake, domin can aka harbe shi a yaƙin Maiwand na 1880. Toh an gama ɗaukar fim a 1979, sai ga sojojin Sobiyat sun afka Afganistan a Disambar shekarar. Yanzu a ce a fim an nuna sojan wata daula ya dawo daga Afganistan da rauni? Ina! Aka sake ɗora murya, Afganistan ta koma "Gabas" kawai. Kalma ɗaya tak, amma sai da aka bi ta.

Sai maganar wurin ɗauka, wadda ita ce ta fi ba ni nishaɗi. Zuwa Landan bai ma taso ba. Abin da Sobiyat ke da shi mai ƙamshin Turai ta yamma shi ne ƙasashen Baltik, kuma dama can duk daraktan da ke son nuna Jamus ko Faransa ko Ingila can yake nufa. Baker Street wani ɗan lungu ne a tsohon garin Riga na Latbiya mai suna Jauniela, titi ne mai shimfiɗar duwatsu da gine-ginen da ko kaɗan ba su yi kama da jan bulon Landan ba, har yau masu yawon buɗe ido na zuwa ɗaukar hoto a ƙofar. Kogin Neva na Leningrad ya zama Thames. Faɗan Holmes da Moriarty da ya kamata ya faru a Suwizalan, a wata magangarar ruwa ta Gega da ke Abkhaziya aka yi shi. Dajin Dartmoor mai taɓo na labarin karen Baskerville kuma aka samo shi a Estoniya. Cikin gidan Holmes a sutudiyon Lenfilm aka gina, da murhu da matattakala da kujeru masu laushi da tarkacen tsofaffin kaya, kuma Leningrad gari ne da tsofaffin fadoji da kayan zamanin da ba su yi masa ƙaranci ba. Bature ɗan Landan in ya kalla zai ga abubuwa da yawa ba daidai ba, tun daga fasalin tagogi. Amma ba don shi aka yi ba. An yi ne don mutumin da ke zaune a ɗan ƙaramin fulat a bene na 9, ya dawo daga layin sayen nama, ya kunna talbijin ya ga wata duniya inda mutum ke da gidansa da ba mai shigo masa ba sallama, ɗan sanda na cire hula kafin ya yi magana, kuma wani mutum da ba ma'aikacin gwamnati ba, ba ɗan jam'iyya ba, shi ke gano gaskiya yayin da hukuma ke lalube. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne a can. A fina-finan 'yan sandan Sobiyat hukuma ce kullum mai gaskiya. A nan kuwa Sufeto Lestrade, wanda Borislav Brondukov ɗan Yukren ya fito a matsayinsa, wani ɗan tsurut ne mai cika baki da kullum sai ya kama wanda ba shi ba. An bari ya wuce saboda ai 'yan sandan jari-hujja ake wa dariya. Mai kallo kuma ya san abin da yake wa dariya.

Kiɗan ma haka. Vladimir Dashkevich ya yi wani taken buɗewa mai ƙasaita kamar za a shigo da sarki, amma can ƙasa-ƙasa kana jin kamar da murmushi a ciki. Duk ɗan tsohuwar Sobiyat in ka kaɗa masa daƙiƙa biyu zai gane. Fim ɗin gaba ɗaya haka yake tafiya, yana girmama Ingila yana kuma ɗan tsokanarta, kuma bai taɓa bari ɗayan ya rinjayi ɗayan ba.

Yanzu karen Baskerville. Ga wanda bai san labarin ba, Doyle ya fitar da shi kashi-kashi a mujallar Strand daga 1901 zuwa 1902, bayan ya kashe Holmes a 1893 jama'a sun hana shi sakat. Wani attajiri Sir Charles Baskerville aka tsinci gawarsa a lambun gidansa a Devon, ba rauni a jikinsa amma fuskarsa a firgice, kusa da shi kuma ga sawun wani ƙaton kare. Dama akwai tatsuniyar gidan cewa tun zamanin wani kakansu azzalumi mai suna Hugo aka la'ance su da wani karen jahannama. Magajin gidan, Sir Henry, ya taso daga Kanada, yana sauka Landan aka aiko masa wasiƙar gargaɗi da aka yanko kalmominta daga jarida, aka kuma sace masa takalmi ƙafa ɗaya a otal, sabo, aka dawo da shi aka sake ɗauke tsoho. Wannan takalmin shi ne mabuɗin komai in ka lura: me ɓarawo zai yi da tsohon takalmi ƙafa ɗaya in ba ƙanshin mai shi ake so a shinshina wa dabba ba? Aljani ba ya buƙatar shinshina takalmi. Ƙarshenta dai maƙwabcinsu Stapleton, mai yawo da raga yana kamun malam-buɗe-littafi, shi ma jinin Baskerville ne a ɓoye, matarsa ce yake nunawa a matsayin ƙanwarsa, ya ajiye kare a tsakiyar taɓon Grimpen yana shafa masa sinadarin fosfaras mai ƙyalli cikin duhu, so yake ya share magada ya ci gado.

Matsalar wannan labari ga duk mai son yin fim ita ce Holmes ba ya nan a kusan rabinsa. Ya tura Watson ƙauye ya ce shi aiki ya riƙe shi a Landan, alhali yana ɓoye a wata bukkar dutse a dajin yana kallon kowa. In Watson ɗinka fanko ne, tsakiyar fim ɗin ya mutu murus. A nan ne jarin da aka zuba a kan Solomin ya biya, domin shi ya ɗauki fim ɗin a kafaɗa, yana rubuta rahoto, yana bin haske cikin dare, yana jin haushi na gaske lokacin da ya gano an yi wasa da hankalinsa.

Sannan aka kawo Nikita Mikhalkov a matsayin Sir Henry, kuma wallahi nan ne fim ɗin ya bar hanyar littafi ya kama tasa. Sir Henry na Doyle mutum ne natsattse mai ɗan zafin zuciya. Na Mikhalkov kuwa guguwa ce, ya faɗo ɗakin Holmes cikin wata jibgegiyar rigar gashin dabba, yana magana da ƙarfi yana rungumar mutane, sunan dai ɗan Kanada ne amma kowa ya san irin attajirin ɗan kasuwar Rasha na da ake kwaikwayo, mai faɗin zuciya da son shagali da saurin karaya. Aka kai wannan mutum aka ajiye a wani tsohon gida mai duhu da sanyi, aka haɗa shi da Barrymore, shugaban barorin gidan, mai baƙin gemu da fuska kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, wanda Aleksandr Adabashyan ya fito a matsayinsa. Kullum safiya Barrymore zai zo ya tsaya a kansa, ya ɗebo wani farin kunun hatsin ots mai kauri a ludayi ya dangwara masa a faranti, Sir Henry ya tambaya menene wannan, a amsa masa da ladabi cewa kunun ots ne, ranka ya daɗe. Shi nama yake so da abin sha, an kulle kabad ɗin giya. Wannan magana ta kunu babu ita a littafin Doyle ko sau ɗaya, amma ta zama karin magana a Rasha, har yau akwai masu ɗauka cewa duk Baturen Ingila da kunun ots yake karyawa. Akwai kuma daren da Sir Henry da Watson suka sha suka yi tatul, Sir Henry ya kamu da son "ƙanwar" Stapleton yana ta nanata wa Watson tambaya me ta ce game da furen okid, a haka cikin maye suka lallaɓa da kyandir su kama Barrymore yana yi wa wani alama ta taga. Wanda ake wa alamar Selden ne, fursunan da ya tsere, ƙanen matar Barrymore, wanda daga baya karen ya halaka saboda yana sanye da tsofaffin kayan Sir Henry.

Darakta da bakinsa ya ba da labarin cewa Mikhalkov, wanda shi ma babban darakta ne, ya zo wurin ɗauka da nasa ra'ayin kan komai har sai da aka ja layi aka nuna masa waye mai fim. Ko a allo kana ganin alamar hakan, mutumin cika wuri yake. Akwai masu ganin ya yi yawa, ya mayar da labarin tsoro wasan barkwanci. Ni ban yarda ba, dalilina kuwa shi ne dariyar ce ke sa tsoron ya kama. Mutumin da ka gani yana ihu yana sukuwa a kan doki yana harba bindiga sama, in ka zo ka gan shi ya yi tsuru-tsuru saboda wani kuka da ya taso daga cikin taɓo da dare, tsoronsa sai ya fi shigarka fiye da na jarumin da dama fuskarsa a murtuke take tun farko. Ga kuma Oleg Yankovsky a matsayin Stapleton, da murmushinsa mai sanyi da idon da ba ya murmushin tare da baki, shi ba ya wasa ko kaɗan. Har ɗan karen likitan yankin Dakta Mortimer, da aka raɗa wa Snoopy a fim ɗin, aka sa ka saba da shi kafin ya ɓace a dajin a tsinci ƙasusuwansa. Dodon karen kansa, in za a faɗi gaskiya, shi ne mafi rauni a fim ɗin. Ba kwamfuta a lokacin, kare ne aka sa wa wani abin rufe fuska mai ƙyalli, in ka tsayar da hoton ka ƙura masa ido ba zai hana ka barci ba. Sun san da haka shi ya sa ba su bari ka gan shi sosai, kukansa da hazo da kiɗa su ke yin aikin.

Mu da muka saba da rigimar wankiya a Kannywood, inda ake ɗauko fim ɗin Indiya a juye shi har da inda jarumi ya yi tari, akwai abin dubawa a nan: waɗannan sun bar sunaye da garuruwa da tufafin Ingila yadda suke, ba su mayar da Holmes ɗan Mosko ba, amma zuciyar da ke bugawa a ciki tasu ce, irin abotar zama a kicin ana shan shayi har tsakar dare.

Ba zan manta da Rina Zelyonaya ba, tsohuwar da ta fito a Misis Hudson mai gidan haya, tana dab da shekara 80 a lokacin. Maganarta a fim ɗin ba ta da yawa amma duk wadda ta yi sai ta zauna, a harba bindiga a ɗaki ko wani ya faɗo ta taga ita dai fuskarta ba ta canzawa, wani lokacin ma sai ta riga Watson gano abu. Moriarty kuma Viktor Yevgrafov ne, mutum mai iya wasannin kasada, aka yi masa ƙusumbi da wani irin kallo, muryar kuma ta Oleg Dal ce aka ɗora. Boris Klyuyev ya yi Mycroft yayan Holmes, duk da a zahiri Livanov ya girmi Klyuyev ɗin nesa ba kusa ba.

Wani abin dariya shi ne abin da ya sami Doyle shi ya sami Maslennikov. Bai yi niyyar yin fina-finai 5 ba, amma duk lokacin da ya ce an gama sai wasiƙun masu kallo su yi ta kwarara gidan talbijin, a sake kiransa. Kuma kamar yadda aka saba in an matsa wa abu, na ƙarshen ya fi sauran rauni. A na 1986 an cusa labarai 4 wuri guda, Holmes ya yi ritaya yana kiwon zuma, an shiga harkar takardun sirrin jirgin ƙarƙashin ruwa da shirin yaƙin duniya na farko, ɗumin gidan Baker Street ya ragu, su kansu 'yan wasan kamar sun gaji. Yana da masoyansa amma ba daga shi ake fara kallo ba.

Game da maganar da ake yawan yaɗawa cewa wai Turawan Ingila da kansu sun amince Livanov ne Holmes mafi kyau a tarihi, a ɗan rage gishiri. Yawancin mutanen Birtaniya ba su ma taɓa ganin fim ɗin ba, in ka tambaye su Brett za su ce maka ko Rathbone, matasa kuma Cumberbatch. Abin da yake tabbas shi ne lambar 2006, da mutum-mutumin Holmes da Watson da aka kafa a 2007 kusa da ofishin jakadancin Birtaniya a Mosko, wanda duk mai ido zai ga kamannin Livanov da Solomin a jiki. Solomin bai ga ko ɗaya ba, ya rasu a 2002 bayan bugun jini ya same shi yana kan dandamalin wasa. Maslennikov ya rasu a 2022. A 2013 'yan Rasha sun sake yin wani sabon Holmes da Igor Petrenko da Andrei Panin, suka yi shi da datti da duhu da gangan don ya bambanta da tsohon, jama'a suka kalla suka yi ta gardama, sannan suka koma wa na Livanov da ake maimaitawa a talbijin duk lokacin hutu.

Wanda ke son gwadawa, ana samunsu a intanet da fassarar Turanci a ƙasan allo. Sai dai a shirya, tafiyarsu a hankali take, mutum zai iya ɗaukar minti guda yana cusa taba a lofe ba wanda ya ce uffan, in ka saba da fim mai yanke hoto duk daƙiƙa uku za ka yi ta duba waya. A fara da kashin farko na 1979 saboda a ga yadda aka ƙulla abotar, in ba haka ba haushin da Watson ya ji a bukkar dutsen nan ba zai yi ma'ana ba, daga nan a tsallaka kai tsaye zuwa na karen.